Lambun Sailuba da Hawa na Shida

Litinin, 13 ga Maris, 1995, bayan Magariba

Ni ne Mu'azu magini, Bazazzagi, mai shekara hamsin da tara, talatin da ɗaya daga ciki da cokalin gini a hannuna. Wannan littafin na awon gini ne. Na juya bayansa ne saboda akwai maganar da ba ta faɗuwa a majalisa, ba ta kuma faɗuwa a gida.

Yau mun hau hawa na shida a benen da muke yi a Abuja, saura na bakwai a rufe. Onwuka, foman ɗinmu, ya zo da injiniyoyi biyu suna bin bango da ma'auni. Da suka iso nawa sai ya ce musu, da Hausarsa ta 'yan kasuwa, "Wannan hannun Baba Mu'azu ne, ba ya son awo." Suka auna duk da haka, don su huce takaicin karatunsu. Ko ƙwayar gero bai kauce ba.

Da tifa ta sauke mu Suleja na iso gida, matata Sailuba tana bayan ɗaki tana ba lambunta ruwa. Ta leƙo ta ce, "Malam, yau hawa na nawa?" Tun ana haƙa tushen ginin nan kullum sai ta yi mini wannan tambayar, ita da ba ta taɓa ganinsa ba. Na ce na shida. Ta ce Allah ya sa albarka.

Ƙafata ta dama ta ɗan riƙe a cikin mota. Ba wani abu ba ne.

Talata, 14 ga Maris, bayan Magariba

Wani abu ya faru a wurin aiki. Ba wanda ya ji rauni.

Laraba, 15 ga Maris, bayan Magariba

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jikina na san shi, kuma bai taɓa yi mini haka ba. Jijiya ce take ɗaurewa a sharaɓa, naman ya dunƙule ya yi tauri kamar an cusa dutse, ƙafar ta ƙi miƙewa ta ƙi lanƙwasa. Minti biyu ko uku sai ta saki. A ƙasa minti uku ba komai ba ne. A kan katako, a hawa na shida, da bulo a hannu, wani zance ne.

Na zauna na yi tunanin abin da ya canja. Bayan Ƙaramar Salla ciwon kai ya kai ni asibiti, suka ce jinina ya ɗan hau. Suka ba ni wata 'yar farar ƙwaya ta kowace safiya, suka ce wa Sailuba ta rage gishiri ta yawaita ganye. To, faɗuwa ta zo daidai da zama. Tun ranar nan ban sake ganin abinci mai launin abinci ba. Da safe kwaɗon zogale, a kwanon da nake tafiya da shi aiki faten tsaki da rama, da yamma miyar alayyafo. Har da ugu, ganyen miyar 'yan kudu, wanda maƙwabciyarmu Sista Hilda, nas ɗin nan 'yar Kafanchan, ta ba ta iri. Na zama akuya a gidana.

A cikin tifa da safe wani tsohon kafinta ya gan ni ina murza ƙafa. Ya ce, "Ganye kake ci da yawa ko?" Na ce yaya aka yi ya sani? Ya ce ɗanyen ganye sanyi gare shi, yana tsinka jini, jijiya ta rasa abin riƙewa ta murɗe. Ya ce haka ya yi wa wansa. Maganar ta zauna mini daram.

Onwuka bai san zancen hawan jini ba, kuma ba zai sani ba.

Juma'a, 17 ga Maris, bayan La'asar

Zafin bana sai addu'a. Kafin hantsi riga ta jiƙe sharkaf, kafin Azahar ta bushe ta yi farin gishiri a baya.

Bari in rubuta wani abu da nake alfahari da shi, tunda ba mai tambayata. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yin fitsari a cikin ginin da nake ginawa ba. Sauran kowa da lungunsa, a bayan matakala, a ɗakin da gobe wani babban mutum zai shimfiɗa darduma. Ni kam a'a. Maigidana da ya koya mini aiki a Tudun Wada ya ce mini, bangon da ka ɗora da bismilla ba ka yi masa haka. Sai in sauka har ƙasa, in ɗauki butata, in yi tsarkina kamar mutum.

Farar ƙwayar nan kuwa mai sa fitsari ce, ba kaɗan ba. Da muna hawa na biyar na ga in na biye mata rabin yinina a kan matakala zai ƙare, sai na yi dabara. Daga shayin asuba ba na sake shan ruwa sai na sauka sallar Azahar, nan ma kurɓa biyu, sai kuma an tashi. Wanda ya gama azumin wata guda wannan ba zai gagare shi ba. Samari suna ta ɗaga jarka suna kwankwaɗa, ni ina ɗora bulo.

Asabar, 18 ga Maris, bayan Magariba

Na kafa doka. Na ce wa Sailuba daga yau kada in sake ganin ganye a kwanona.

Ta ce, "Malam, likita ne fa ya ce."

Na ce likita ba ya hawa bene da bulo.

Ta ce, "To kuka fa? Ita ma ai ganye ce."

Na ce kuka busasshiya ce, sanyinta ya fita. Na ga bakinta yana motsi, dariya take dannewa. Shekara talatin da huɗu muna tare, har yanzu matar nan ba ta daina yi mini wannan kallon ba.

Litinin, 20 ga Maris, bayan Magariba

Onwuka ya ja ni bayan tarin yashi, inda ba kowa. Ya ce, "Baba, ni ina girmama ka. Amma abin ranar Talata, injiniya ya ji." Na ce ai ba wanda ya ji rauni. Ya ce bulon da ya suɓuce mini taku biyu ne tsakaninsa da matar da ke sayar mana da kunu, kuma da Fidelis bai cafki rigata ba, da ba bulo kaɗai za a tsinta a ƙasa ba. Fidelis shi ne maginin da muke katako ɗaya da shi, shekara shida ke nan.

Ya ce in ya sake faruwa, sai dai in koma aikin ƙasa.

Aikin ƙasa! Ni da na ɗora bulon farko na ginin nan. Na ce masa na gano abin da ke kawo shi, kuma na yi maganinsa. Na ce da hannuna zan ɗora bulon ƙarshe na hawa na bakwai, in sha Allahu. Ya ce shi ma haka yake so.

Laraba, 22 ga Maris, bayan Asuba

Kwana huɗu ba ganye. Jiya lafiya lau. Na faɗa.

Alhamis, 23 ga Maris, bayan Magariba

Ƙafar ta riƙe sau biyu, ɗaya a matakala, ɗaya a kan katako. Na yi kamar ina gyara takalmi. Fidelis ya gani, ya kau da kai, ya ɗauki layina ya haɗa da nasa har ta saki. Allah ya saka masa.

Ganyen bai gama fita daga jini ba ne.

Asabar, 25 ga Maris, bayan Magariba

Mako guda cur, kuma abin sai gaba yake yi. Yau har yatsun hannu suka ƙanƙame a kan cokali.

Da yamman nan na ga wani kore-kore yana yawo a cikin miyar kuɓewa. Na tsamo shi da yatsa na nuna mata. Ta ce, "Lawashin albasa ne, Malam." Da rana kuwa, ina dawowa, na gan ta da idona tana wanke alayyafo a bakin rijiya. Ta ce nata ne ita da Sista Hilda.

Ni za a mayar yaro? Daka shi take yi ta zuba mini a ɓoye, wai tana taimakona. Matar da ta fi kowa sanin abin da hawa na bakwai yake nufi a wurina.

Lahadi, 26 ga Maris, da rana

Na yi abin da na yi a bayan ɗaki. Sailuba ta tafi suna a Gauraka, ba ta nan.

Lahadi, bayan La'asar

Ta dawo. Ta ajiye mayafi, ta ɗauki bokiti kamar kullum ta zaga baya. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina jiran ihu, na ma shirya amsata. Ban ji komai ba. Can sai ga ta da bokitin, ruwan yana nan a cike, ta juye shi a randa. Ta ɗauki addar da na bari a tsakar gida, ta goge ta, ta mayar inda take zama.

Ta kawo mini tuwo da miyar kuka. Ta ce, "Ga abinci, Malam."

Litinin, 27 ga Maris, bayan Magariba

Ba ta tambaye ni hawa na nawa ba.

Laraba, 29 ga Maris, bayan Magariba

Ba laifina ba ne. Mutum yana kare sana'arsa.

Ba wani babban lambu ba ne ma, taku goma ne a taku shida. Da muka kama hayar gidan nan juji ne, kwalabe da tsummoki. Ita ta kwashe. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, sai ta riƙa roƙon direban tifa yana sauke mata baƙar ƙasa daga Garam, buhu ɗaya yau, buhu ɗaya wani watan. Taki kuma wurin Fulanin da ke kawo nono. Shekarar da aka kai autarmu Rukayya ɗakinta a Kaduna ta dasa zogalen nan guda biyar, ta ce gidan ya yi mata shiru. Duk rani da guga take ba su ruwa, safe da yamma. Matan unguwa har daga bakin kasuwa suke zuwa neman iri, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. A duk layin nan ba mai hannun shuka irin nata, wannan ko maƙiyinta ya sani.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Alhamis, 30 ga Maris, bayan Asuba

Gaisuwa tana nan, abinci yana nan, ruwan wanka yana nan. Tambaya ce babu.

Juma'a, 31 ga Maris, bayan La'asar

Kwana goma sha uku ba ganye, kwana biyar babu ma lambun. A masallacin Juma'a, a sujadar ƙarshe, ƙafafu biyu suka ɗaure lokaci guda. Aka yi sallama ina dafe da ƙasa. Mutum biyu ne suka kama ni suka tayar, wani yana cewa a yi wa tsoho sannu. Tsoho.

Asabar, 1 ga Afrilu, da yamma

Ban je aiki ba, na aika cewa ina da uzuri. Da hantsi ina tsakar gida ƙafar ta sake kamawa, har na yi ƙara ban sani ba. Sailuba ta fito, ta dube ni, ta fita ba ko mayafi. Sai ga ta da Sista Hilda.

Sista ta miƙe mini ƙafar, ta tura yatsun sama tana murza sharaɓar har ta saki. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta ce a kawo mata ƙwayar da nake sha. Ta juya takardar ta karanta.

Ta ce, "Baba, ruwa kofi nawa kake sha a wurin aiki?"

Na gaya mata dabarata, har da dalilinta. Wallahi da alfahari na faɗa, ina jiran ta yaba.

Ta riƙe haɓa. Ta ce, "A zafin nan? Kana shan wannan maganin?" Ta ce ƙwayar aikinta ke nan, ta fitar da ruwa daga jiki, kuma ruwan ba ya fita shi kaɗai, yana tafiya da wasu gishirin da nama yake bukata. Zufa ta kwashi nata, fitsari ya kwashi nasa, ni kuma na toshe hanyar shiga. Ta ce ita ba likita ba ce, ranar Litinin in koma a duba jinina, kuma kada in kuskura in daina maganin da kaina.

Na ce to ganyen fa? Na kawo mata zancen kafinta da wansa.

Ta ce, "Ban san wan kafinta ba. Amma shekarata goma sha takwas a asibiti, ban taɓa ganin wanda alayyafo ya ɗaure wa ƙafa ba. Abin da ƙwayar take kwashewa, ganyen Mama ne yake ɗan mayar maka da shi. Ka bar jaki kana dukan taiki, Baba."

Duk wannan Sailuba tana tsaye a bakin madafa. Da ta ce ai ga shi nan, da na ji sauƙi. Ba ta ce ba. Ta shiga ta ɗebo ruwa a babban kofin silba ta ajiye a gabana, ta koma.

Na shanye. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Litinin, 3 ga Afrilu, bayan La'asar

Likita ya duba, ya rage ƙwayar, ya ce in sha ruwa sosai. Ya tambaya ko ina cin ganye kamar yadda ya ce. Na ce ana kan ƙoƙari.

Alhamis, 6 ga Afrilu, bayan Magariba

Kwana uku ina shan ruwa, kwana uku ƙafa shiru. Sai dai abin da na guda tun farko ya dawo. Yau sau huɗu na sauka, ban da salla. Matakala ɗari da takwas ce, na ƙirga. Sauka da sauƙi, hawan ne. A na huɗun sai da na zauna a hawa na uku ina haki. Kafin in iso siminti ya fara bushewa a kwano, Fidelis ya yi layi uku ni ina kan na farko.

Ya matso ya ce a hankali, "Baba, ga lungu can bayan matakala, ba mai gani. Ko in samo maka galan."

Na ce, Fidelis, na gode.

Juma'a, 7 ga Afrilu, bayan Asuba

Lissafin a fili yake. In na daina ruwa, ƙafa ta ɗaure, wata rana in kashe 'yar mutane ko in kashe kaina. In na sha, ko dai in yini a matakala Fidelis yana yin aikin mutum biyu, ko in shiga lungu. Litinin za a fara hawa na bakwai.

Lungun nan na san shi. Ni na ɗora bangonsa.

Asabar, 8 ga Afrilu, bayan Magariba

Ban jira an kira ni ba, ni na je na sami Onwuka. Na gaya masa komai, hawan jinin, ƙwayar, ruwan, har lungun. Na ce ya ba Fidelis hawa na bakwai, hannunsa ya nuna. Na ce ni a ba ni ƙasa.

Ya ce, "Saboda fitsari, Baba? Kowa yana yi." Na ce na sani, ai ina jin warin. Ya yi dariya har da dafa cinya, sannan ya daina. Ya ce akwai katangar gaba da ɗakin maigadi, ya so ya ba wasu, amma yanzu nawa ne. Ya ce duk wanda zai shiga ginin nan sai ya fara wucewa ta gaban aikina.

Na hau na kwaso kayana. Na tsaya na dubi garin daga can sama, har Dutsen Zuma ana hangowa ta hanyar gida. Na shafa bangon na sauko. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma da ƙafata na sauko, ba a sauko da ni ba, kuma shekara talatin da ɗayan nan tana nan yadda take.

Na roƙi Onwuka gutsattsarin bulon da ake zubarwa. Ya ce in kwashi iya son raina.

Lahadi, 9 ga Afrilu, da hantsi

Yau na zaga bayan ɗaki, karo na farko tun ranar. Zogalen nan na sare su ne daidai gwiwa. Huɗu daga cikin biyar sun yi toho, 'yan ganye ƙanana a gefen sara. Ƙasar gindinsu a jiƙe take. Ashe ba ta daina ba su ruwa ba, sai na fita take yi. Awakin maƙwabta sun riga sun cinye tohon guda ɗaya, don danga ma na tattake ta a ranar.

Na je na sami mai gidan haya, ya ce in gina abin da nake so.

Laraba, 12 ga Afrilu, bayan Magariba

Tifa ta sauke bulon. Na haƙa tushe, na ja igiya. Taku goma sha biyu a taku takwas na yi, na ƙara mata. Ina dawowa daga aiki nake yi, kafin rana ta faɗi. Ta ga ina yi. Kofin silba dai nakan same shi a kan bulo, a cike.

Asabar, 15 ga Afrilu, bayan Magariba

Tana tsugune tana yayyafa irin alayyafo a inda na tuge, ni ina ɗora bulo, mun ba juna baya. Na ce, "Sailuba, ranar nan, lawashi ne?"

Ta ce, "Lawashi ne, Malam."

Na ce, "Na zalunce ki. Ki yafe mini." Bango nake kallo da na faɗa, amma na faɗa, kuma ta ji.

Ta ci gaba da yayyafa irinta. Can ta ce, "Na biyar ɗin ba zai tashi ba. Shi na fara dasawa, ranar da aka tafi da Rukayya."

Na ɗauki wani bulo na ɗora.

Talata, 18 ga Afrilu, bayan Magariba

An ce Fidelis ya kai rabin hawa na bakwai, kuma layinsa ya miƙe. Dole ya miƙe, a gefena ya yi shekara shida.

Katangar lambu ta kusa. Da gutsattsarin bulo na yi ta, amma a kawo injiniyan da ya isa ya ɗora mata ma'auni. Na bar ƙofa daidai faɗin mace da bokiti biyu. Sista Hilda ta kawo wani irin ugu, ta ce saura in ce shi ma sanyi gare shi.

Ina wanke cokali Sailuba ta fito da ɗan kwano, kwaɗon zogale ne, bai fi loma uku ba, tohon farko. Ta ajiye mini a kan katangar. Ta bi ta da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta sa tafin hannu ta shafa saman.

Ta ce, "Malam, yau layi na nawa?"

Na ce na shida. Saura na bakwai a rufe.